Mono ko Sitiriyo: Wane Sauti Ne na Asali a Kundayen Tattara Ƙananan Faya-fayan Beatles?

A ranar 13 ga watan Nuwamban 2000 aka fitar da wani kundi mai suna 1, wanda ya tattara waƙoƙi 27 na ƙungiyar mawaƙan nan ta birnin Liverpool, wato Beatles, waɗanda kowaccensu ta taɓa zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya ko a Amurka. Duk wanda ya saƙala iyafis a kunnuwansa biyu ya saurari kundin daga farko zai ji wani sauyi, ko da bai san yadda ake kiransa ba. Waƙoƙi uku na farko, “Love Me Do” da “From Me to You” da “She Loves You”, suna fitowa ne a dunƙule, murya da ganga da jita duk a tsakiyar kai, amma da an shiga ta huɗu sai sautin ya buɗe, wasu kayan kiɗa su koma hagu, wasu su koma dama. Na farkon shi ake kira mono, na biyun kuma sitiriyo. Abin da mai saye ba zai gane daga bangon kundin ba shi ne, waƙoƙi 18 da suka biyo baya, tun daga “I Want to Hold Your Hand” ta 1963 har zuwa “Hey Jude” ta 1968, dukkansu a mono aka sayar da su a ƙananan faya-fayai masu waƙa ɗaya a kowace fuska, waɗanda suka kai su matsayi na ɗaya. Ke nan kundin da aka gina a kan cewa ga waƙoƙin da suka ci kasuwa, mafi yawan abin da ke cikinsa ba shi ne ainihin sautin da ya ci kasuwar ba.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa mono tsohon yayi ne kawai, sitiriyo kuma shi ne waƙar nan dai amma an ƙara mata faɗi da kyau, don haka babu abin da aka rasa idan aka musanya wannan da wancan. Da a ce haka lamarin yake, da babu abin tattaunawa. Inda gizo ke saƙar shi ne matakin da ake kira haɗin sauti. Bayan an ɗauki murya da kayan kiɗa a kan tef mai layuka da yawa, sai mai shirya waƙa da injiniya su zauna su yanke shawarar ƙarfin kowane layi, da yawan amsa-kuwwar da za a sa wa murya, da inda za a yanke tef a liƙa wani ɗauka, har ma da saurin da tef ɗin zai riƙa gudu. A shekarun 1960 da hannu ake yin wannan duka, ana murɗa maɓallai yayin da tef ke tafiya, kuma babu kwamfutar da za ta adana abin da hannu ya yi jiya don a maimaita shi yau. Haɗin mono daban ake yin sa, na sitiriyo ma daban, wani lokaci a rana ɗaya, wani lokaci da tazarar watanni ko shekaru. Saboda haka idan aka ce waƙa tana da mono da sitiriyo, ana nufin ayyuka biyu ne da aka fitar daga tef ɗaya.

Abin mamaki, kamfanin EMI da ya riƙe Beatles shi ne gidan da aka haifi sitiriyon faifai. Wani injiniyansa mai suna Alan Blumlein ya shigar da takardar mallakar wannan fasaha tun a 1931, ya yi gwaje-gwaje a situdiyon Abbey Road da ke Landan, sannan ya rasu a 1942 a haɗarin jirgin sama yayin gwajin na'urar rada lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a 1958 faya-fayan sitiriyo suka shiga kasuwa sosai. Bambancin yana cikin siririn kwarin nan da allura ke bi a kan faifai. A faifan mono allura gefe da gefe kawai take kaɗawa. A na sitiriyo kuwa kwarin yana da bango biyu da suka karkata, kowanne ɗauke da sautin ɓangare guda, ta yadda abin da hagu da dama suka yi tarayya a kansa ke kaɗa allura gefe da gefe, abin da suka bambanta a kansa kuma ke ɗaga ta sama da ƙasa. Tsofaffin garmaho na mono ba a ƙera kan allurarsu don hawa da sauka ba, don haka idan aka ɗora musu faifan sitiriyo sai su riƙa cinye bangon kwarin a hankali. Wannan dalili kaɗai ya isa ya sa kamfani ya yi taka-tsantsan wajen sayar wa matasa sitiriyo.

Matasan su ne kasuwar ƙaramin faifai. Faifai ne mai faɗin inci 7 da ke juyawa sau 45 a minti, waƙa ɗaya a kowace fuska, mai arha da ɗan makaranta zai iya saye da kuɗin kashewarsa. A Ingila yawancinsu a kan garmahon akwati irin na Dansette suke saurare, mai lasifika guda a gaba. Rediyon da ke tallata waƙar ma mono ne, domin tashar Luxembourg da jiragen ruwan da ke watsa shirye-shirye daga teku ba bisa ƙa'ida ba, har da tashar Radio 1 da BBC ta buɗe a 1967, duk a matsakaicin zango suke. Sitiriyo a lokacin kayan manya ne masu hali, waɗanda ke sayen kiɗan gargajiyar Turai da manyan faya-fayai masu inci 12, kuma a Amurka sai mutum ya ƙara kimanin dala 1 kafin ya samu na sitiriyo. Shi ya sa daga cikin ƙananan faya-fayai 22 da Beatles suka fitar a Birtaniya tsakanin 1962 da 1970, babu na sitiriyo ko ɗaya sai a watan Mayun 1969 da “The Ballad of John and Yoko” ta fito. “Get Back” da ta riga ta da makonni kaɗan ta fito a mono a Birtaniya, a sitiriyo a Amurka.

Yadda aka ɗauki waƙoƙin ma ya nuna inda aka dosa tun farko. Kundayensu biyu na farko a kan tef mai layi biyu aka ɗauke su, kuma mai shirya musu waƙa, George Martin, ya sha bayyana cewa ba don sitiriyo ya raba layukan ba. Yana ajiye kayan kiɗa a layi ɗaya, muryoyi a ɗayan, don ya samu damar daidaita ƙarfin murya da na kiɗa daga baya kafin ya narkar da su wuri guda. Da kamfani ya buƙaci sitiriyo, babu abin da za a iya yi sai a tura layi ɗaya hagu, ɗaya dama, a bar tsakiya fayau. Daga watan Oktoban 1963 suka koma tef mai layi huɗu, amma shi ma bai daɗe ba ya yi musu kaɗan. Idan layuka huɗun suka cika, sai a juye su a kan wani sabon tef a matse su cikin layi ɗaya ko biyu don a samu wurin ƙara wasu kayan. Duk abin da aka matse a layi ɗaya ya zama kamar gishirin da ya narke a cikin miya, ana jin sa amma ba a iya tsame shi. Idan ganga da jita mai kaurin murya da jitar rakiya suna layi ɗaya, to a sitiriyo duk inda aka kai ɗaya nan sauran za su bi. Wannan ne ya sa ake jin dukkan ƙashin bayan waƙa a kunnen hagu, murya ita kaɗai a dama, a yawancin sitiriyon 1965 da 1966.

Akwai kuma batun wanda ke cikin ɗakin lokacin da ake haɗin. Da John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr, wato mawaƙan Beatles huɗu, suka fara sa baki a wannan mataki, haɗin mono suke zama a yi a gabansu, domin shi ne za a ji a rediyo. Injiniyoyin da suka yi aiki da su, irin su Geoff Emerick, sun bayar da labarin cewa a kundin Sgt. Pepper na 1967 an ɓata lokaci mai tsawo a kan mono tare da mawaƙan, sannan Martin da injiniyoyi suka yi sitiriyo cikin 'yan kwanaki ba tare da su ba. A kan ƙananan faya-fayai abin ya fi haka, saboda al'adar Birtaniya a lokacin ita ce kada a sayar wa mutum waƙa sau biyu, don haka da yawa daga cikin manyan waƙoƙinsu ba sa cikin kowane kundi, kuma babu wanda ya ga dalilin yi musu sitiriyo tun farko. Sai da kamfani ya tashi tattara su sannan aka koma ma'ajiya aka zaro tef. Haka aka yi a ƙarshen 1966 don kundin A Collection of Beatles Oldies da aka fitar domin kasuwar Kirsimeti, haka kuma aka yi a ƙarshen 1969 don kundin Hey Jude na Amurka. A taƙaice, kundayen tattarawa su ne suka haifi sitiriyon waƙoƙi da dama, kuma tun daga ranar ake rigimar.

Bambance-bambancen ba na masu kunnen zinariya kaɗai ba ne, kowa zai iya jin su. A mono na “From Me to You” akwai busar hamonika, wato 'yar sarewar bakin nan, tana tafiya tare da muryoyi a buɗewar waƙa, amma a sitiriyo babu ita a wurin. A sitiriyon “Please Please Me” an yi amfani da wani ɗauka daban a baiti na ƙarshe, inda Lennon ya rera kalmomin da ba su ba, ana ma jin dariya na neman ƙwace masa a layin da ya biyo, alhali a mono komai daidai yake. A “Help!” kuwa muryar jagora gaba ɗaya daban ce, domin wadda ke kan ƙaramin faifai na 1965 ba ita ce ke kan sitiriyo ba. Wanda ya san waƙar ta hanyar kundin 1 bai taɓa jin rerawar da masu saye suka ji a shekarar da ta fito ba.

“Paperback Writer” ta 1966 ta fi nuna abin da mono ke yi wa jikin waƙa. Mawaƙan sun daɗe suna ƙorafin cewa faya-fayan Amurka sun fi nasu kaurin sauti, don haka injiniyoyin Abbey Road suka juya wata babbar lasifika ta zama makirufo, suka ajiye ta gaban lasifikar jitar McCartney don su kama kaurin da ƙaramin makirufo ba ya kamawa. A mono wannan kaurin yana haɗuwa da ganga da jita su zama dunƙule ɗaya da ke tura mai sauraro, kuma amsa-kuwwar da ke biyo bayan amshi ta fi yawa da tsawo. A sitiriyon da aka yi bayan watanni an raba kayan gida biyu, sai kowane abu ya fito sarari amma ƙarfin bugun ya ragu. Haka abin yake a “Revolution”, wadda ke bayan faifan “Hey Jude” a 1968. An jona jitocin kai tsaye a teburin haɗi aka cika musu wuta da gangan har sautinsu ya dagule, kuma wannan dagulewar ita ce manufar. Da aka raba su hagu da dama daga baya sai zafin ya huce, abin da Lennon da kansa ya yi ƙorafi a kai a wata hira ta rediyo a 1974. A ganina a waɗannan waƙoƙi biyu babu wata gasa, mono ya yi gaba nesa ba kusa ba.

Labarin “I Am the Walrus”, wadda ke bayan faifan “Hello, Goodbye” a 1967, shi ya fi kowanne bayyana cewa haɗin mono shi kansa wani ɓangare ne na wasan. A daren 29 ga Satumban 1967, ana tsakiyar haɗin mono, aka kunna rediyo aka jona shi a teburi, aka dace BBC na watsa wasan kwaikwayon King Lear na Shakespeare. Muryoyin 'yan wasan suka shiga kai tsaye cikin tef ɗin mono da ake haɗawa, ba su taɓa sauka a kan tef mai layi huɗu ba. Da aka zo yin sitiriyo sai aka tarar babu inda za a samo su. Mafitar da aka samu ita ce a yi sitiriyo na gaskiya har zuwa kusan minti biyu, daga nan a liƙa haɗin mono da aka yi wa dabara ya yi kama da sitiriyo. Mai iyafis zai ji wurin liƙin sarai, domin faɗin sautin yana rufewa farat ɗaya, komai ya ɗan yi duhu.

Wannan dabara ita ce sitiriyon bogi, kuma ita ce mafi munin abin da ya faru da waƙoƙin. Ana ɗaukar sautin mono a raba shi biyu, a rage kaifi a ɓangare ɗaya, a rage kauri a ɗayan, wani lokaci a jinkirta ɓangare guda da ɗan ƙanƙanin lokaci a kuma zuba amsa-kuwwa. Kamfanin Capitol da ke fitar da su a Amurka yana kiran nasa tsarin Duophonic, kuma jami'insa Dave Dexter Jr. ya yi suna wajen ƙara wa waƙoƙin amsa-kuwwar da babu ita a tef ɗin Landan. Ba a Amurka kaɗai aka yi ba. Tef ɗin asali na “She Loves You” da “I'll Get You” da “Love Me Do” da “P.S. I Love You” sun salwanta, domin a farkon shekarun 1960 ba a ganin dalilin ajiye tef ɗin aiki da zarar an gama haɗin mono. Saboda haka da aka buƙaci “She Loves You” a sitiriyo a 1966, na bogi aka yi mata a Abbey Road ɗin kanta. Shekaru masu yawa mutane suna sayen kundi mai tambarin sitiriyo suna sauraron mono da aka lalata.

Kowane kundin tattarawa da ya biyo baya ya ɗauki matsayinsa a wannan batu, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Kundaye biyu na 1973 da aka fi sani da Ja da Shuɗi saboda launin bangonsu sun bi sitiriyo, kuma su ne suka koya wa ƙarni guda na masu sauraro yadda Beatles ke fita. Da zamanin faifan CD ya zo a 1987, Martin ya sa aka fitar da kundaye huɗu na farko a mono, ya kuma sake haɗa sitiriyon Help! da Rubber Soul saboda na 1965 bai gamsar da shi ba. A watan Maris na 1988 aka fitar da Past Masters, wanda masanin tarihin ƙungiyar Mark Lewisohn ya tsara don tattara duk waƙar da ba ta cikin kundi, kuma mafi yawansa sitiriyo ne. A 1992 aka yi akwatin CD na ƙananan faya-fayan 22 da haɗinsu na asali. Sai ranar 9 ga Satumban 2009 aka fitar da akwatuna biyu a tare, na sitiriyo da na mono, na biyun yana ɗauke da Mono Masters, wato takwaran Past Masters. A nan an yi gaskiya, domin waƙoƙin da ba a taɓa yi musu haɗin mono ba, irin su “The Ballad of John and Yoko” da “Old Brown Shoe” da “Let It Be”, an bar su a waje maimakon a ƙirƙiro musu. A 2019 kuma aka fitar da The Singles Collection, ƙananan faya-fayai 23 da aka yanka daga tef ɗin mono da na sitiriyo kamar yadda kowace waƙa ta fito tun farko. Matsalar ita ce waɗannan akwatuna masu riƙe da asali su ne masu tsada da wuyar samu, yayin da mai arhan da ke ko'ina, har da galibin abin da ke manhajojin sauraron waƙa tun da Beatles suka shiga cikinsu a Disamban 2015, sitiriyo ne.

Duk da haka, bai kamata a mayar da mono abin bauta ba, kamar yadda wasu masoyansa ke yi. Sitiriyo yana buɗe abin da mono ke rufewa. Wanda ke son ya bi yadda McCartney ke tafiyar da jitarsa, ko ya rarrabe muryoyi uku da ke amshi tare, zai fi samun biyan buƙata idan kayan suna warwatse. Mono ma yana da nasa tabon, domin an matse shi sosai don ya yi ƙarfi a ƙaramin rediyo, kuma a “She Loves You” ana jin wuraren da aka liƙa tef idan aka kasa kunne. Ga kuma miliyoyin mutane, musamman a Amurka daga tsakiyar shekarun 1960, waɗanda a sitiriyo suka fara jin waƙoƙin, kuma babu mai ikon ce musu abin da suka sani ba Beatles ba ne. Daga 1968 ma lissafin ya fara juyawa. An ɗauki “Hey Jude” a situdiyon Trident a kan tef mai layi takwas, wanda ke ba da damar ajiye murya da ganga a tsakiya a kuma shimfiɗa sauran a gefe, mawaƙan kuma suka fara kula da sitiriyo da kansu. Kundinsu mai farin bango na 1968 shi ne na ƙarshe da aka yi wa haɗin mono na musamman, Abbey Road na 1969 kuwa a sitiriyo kaɗai aka haɗa shi. Wanda ya dage sai ya ji “Come Together” a mono yana neman abin da masu waƙar ba su yi ba.

A nan ya dace a warware wani ruɗani da ya yawaita. Danna maɓallin mono a kan na'ura, ko kunna zaɓin mono da ke cikin saitin wayar salula, ba ya mayar da sitiriyo ya zama haɗin mono na asali. Abin da yake yi shi ne tara hagu da dama wuri guda. Hamonikar da babu ita a sitiriyon “From Me to You” ba za ta dawo ba, muryar “Help!” ba za ta canza ba. Ma'aunin ma yana gocewa, domin duk abin da ke tsakiya yakan ƙaru da kimanin desibel 3 a kan abin da ke gefe, idan kuma sitiriyon na bogi ne mai jinkiri a ɓangare guda, to wasu sautuka suna kashe juna a bar waƙar da wani irin amo kamar daga cikin bututu. Kamfanoni ma sun yi irin wannan tarawar a ƙarshen zamanin mono, misali a kundin Yellow Submarine na farkon 1969, shi ya sa masu tara faya-fayai ke bambanta mono na musamman da mono na tarawa, kuma farashinsu a wurinsu ba ɗaya ba ne.

Wani abin lura shi ne, yanayin sauraro na yau ya fi kusa da na 1964 fiye da yadda ake zato. Wayoyi masu yawa lasifika ɗaya gare su, ƙananan lasifikokin bulutut da ake ratayawa a shago ko a ɗaki galibi sauti ɗaya suke fitarwa, rediyon gajeren zango kuwa mono ne tun asali. Sitiriyo yana buƙatar mutum ya zauna a tsakiyar lasifika biyu, wanda ke gefe kuwa ɓangaren da ya fi kusa da shi zai fi ji. Idan abokai biyu suka raba iyafis ɗaya, kowa da kunne guda, suka kunna sitiriyon “Day Tripper” ko “We Can Work It Out” na shekarun 1960, ɗaya zai tashi da ganga da kaurin kiɗa, ɗayan ya tashi da muryar jagora, kowannensu yana riƙe da rabin waƙa. Haɗin mono ba ya shiga wannan matsala, domin duk inda aka kunna shi ma'aunin da aka yanke a situdiyo shi ke fita. Wannan ne ma dalilin da ya sa masu shirya waƙa irin su Phil Spector da Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys suka fi son sa, ko da yake shi Wilson yana da ƙarin dalili, tunda kunnensa ɗaya ba ya ji sosai. Kundin ƙananan faya-fayan ƙungiyar Rolling Stones na 1989, The London Years, shi ma mono ya bi a mafi yawan waƙoƙinsa na farko.

Daga 2015 wani abu na uku ya shigo, wanda ba mono na asali ba ne, ba kuma tsohon sitiriyo ba. Giles Martin, ɗan George Martin, tare da injiniya Sam Okell, sun sake haɗa kundin 1, suka dawo da murya da ganga tsakiya. A ayyukan da suka biyo baya sun riƙa komawa ga tef ɗin farko na kafin a matse layuka, su daidaita su da na baya a kwamfuta, ta yadda waƙar da a da take da layi huɗu ta samu fiye da haka, suna kuma duba haɗin mono a matsayin abin da mawaƙan suka amince da shi. Inda babu irin wannan tef sai aka jira fasahar da kamfanin Peter Jackson na ƙasar New Zealand ya ƙera lokacin shirya fim ɗin Get Back na 2021, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka koya wa gane muryar kowane mawaƙi da amon kowane kayan kiɗa, don ta ware su daga layi ɗaya. Da ita aka sake haɗa Revolver a 2022, da ita kuma aka sabunta kundayen Ja da Shuɗi a Nuwamban 2023, inda “She Loves You” ta samu sitiriyon da kayan kiɗanta suka rabu da gaske a karon farko. Aikin yana da daɗin ji, musamman a iyafis, kuma ya magance ramin tsakiyar nan. Sai dai shawarar inda kowane abu zai zauna da ƙarfin da zai samu ta mutanen 2023 ce, biyu daga cikin mawaƙan huɗu da George Martin kuma ba sa raye balle a tambaye su.

“Love Me Do” ta tattara dukkan waɗannan matakai a jikinta. An ɗauke ta ranar 4 ga Satumban 1962 Ringo Starr na buga ganga, aka sake ɗaukarta ranar 11 ga watan da wani makaɗin haya mai suna Andy White, Ringo kuma aka ba shi tamburin mai kacau-kacau yana kaɗawa, kuma da jin wannan kacau-kacau ake bambanta su. Ta Ringo ce ta fito a bugun farko na ƙaramin faifai ranar 5 ga Oktoban 1962, daga baya kamfani ya maye gurbinta da ta White ya kuma rabu da tef ɗinta, ta yadda da aka sake neman ta bayan shekaru sai daga jikin tsohon faifai aka kwafo ta. Ta White ce ta zama ta ɗaya a Amurka a 1964, don haka ita ke buɗe kundin 1, ta Ringo kuma ita ke buɗe Past Masters. A 2023 aka ɗauki ta Ringo, wadda ba ta da tef mai layi biyu, ba ta ma da tef ɗin mono na asali, aka ba manhaja ta ware murya da hamonika da jita da ganga daga sautin da aka kwafo daga faifai, aka shimfiɗa su hagu da dama, aka buga ta a ɗaya fuskar faifan “Now and Then”. A wannan karon an rubuta shekarar haɗin a gaban sunan waƙar, abin da kundayen 1966 da 1973 ba su yi wa masu saye ba.